Katin shaida mai harafin X: Yadda dokar masu sauya jinsi ta raba kan Pakistan

A ranar 19 ga Mayun 2023, Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya da ke Islamabad ta yanke hukuncin cewa wasu muhimman sassa na dokar kare haƙƙin masu sauya jinsi ta Pakistan sun saɓa wa koyarwar Musulunci. Shekara biyar kafin nan majalisar dokokin ƙasar ta amince da dokar, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta yaba mata, wasu jam'iyyun addini kuma daga baya suka ɗaura ɗamarar ganin bayanta.

Muhawarar ta fi karkata ne kan tambaya ɗaya: wa ke da ikon faɗin jinsin mutum a katin shaida, shi kansa ne ko likita? Amma akwai haƙƙoƙin da majalisa da kotu da malamai duk suka yarda waɗannan mutane suna da su, kamar tsaron rai da magani da gado, kuma har yau su ne suka fi wuyar samu.

Su wane ne khwaja sira?

A Pakistan ana kiran wannan al'umma khwaja sira, suna ne da ya samo asali daga harshen Farisa. A zamanin daular Mughal, masu wannan laƙabi su ne ke tsaron sashen matan sarki, wasunsu har sun riƙe manyan muƙamai a fada.

A yau sunan ya haɗa mutane iri-iri. Akwai mata-maza, wato waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fito fili ba, waɗanda littattafan fiƙihu ke kira khunsa. Akwai waɗanda aka yi wa dandaƙa. Akwai kuma waɗanda aka haifa da jikin namiji amma suke jin kansu mata ne, suke kuma rayuwa a haka. Mai karatu zai iya tuna 'yan daudu, sai dai khwaja sira suna da tsarin zama nasu na daban: babba da ake kira guru yana karɓar yaran da iyaye suka kora, ya ba su masauki da abinci, su kuma su zama almajiransa, suna kawo masa wani kaso na abin da suka samo.

Sana'arsu ta gado ita ce zuwa gidan biki ko gidan da aka yi haihuwa su yi waƙa da rawa, su sa albarka, a ba su kyauta. Da wannan al'ada ta ja baya, da yawa sun koma bara a mahaɗar titi, wasu kuma talauci ya jefa su karuwanci.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara mayar da su masu laifi a dokance. A 1871 gwamnatin Birtaniya a Indiya ta kafa dokar da ta umarci 'yan sanda su yi musu rajista, ta kuma hana waɗanda aka yi wa rajistar fita da tufafin mata ko yin rawa a bainar jama'a. Kundin laifuffuka na Indiya na 1860, wanda Pakistan ta gada, shi ne ya bi ta Sudan ya zama tushen kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewacin Najeriya a 1960. A sashe na 405 na kundin Arewa, namijin da ya sa tufafin mata a bainar jama'a yana cikin waɗanda aka lasafta a matsayin 'yan zaman banza.

Daga Kotun Ƙoli zuwa majalisa

Sauyi ya fara ne a 2009, bayan an zargi 'yan sanda da cin zarafin wasu khwaja sira a yankin Taxila, kusa da Rawalpindi. Wani lauya masanin shari'ar Musulunci, Dakta Muhammad Aslam Khaki, ya kai maganar gaban Kotun Ƙoli. A jerin umarnin da kotun ta bayar daga wannan shekara zuwa 2012, a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Iftikhar Muhammad Chaudhry, ta tabbatar cewa su cikakkun 'yan ƙasa ne, suna da haƙƙin gado da na zaɓe da na neman aiki, ta kuma umarci hukumar rajistar 'yan ƙasa, NADRA, ta ba su katin shaida.

Maganar kati ba ƙarama ba ce. A Pakistan, sai da shi ake sayen layin waya, a buɗe asusun banki, a kaɗa ƙuri'a, a mallaki fili ko a shiga shirin tallafin gwamnati. Wanda ya bar gida yana yaro, ba takardar haihuwa, ba kuma ɗan'uwan da zai tsaya masa shaida, yakan girma hukuma ba ta san da zamansa ba.

A 2017 aka fara ƙidaya su a matsayin rukuni na daban, sakamakon wucin gadi ya nuna mutum 10,418 a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Ƙungiyoyinsu sun yi watsi da adadin, suna cewa tsoro da kunya sun hana mutane da yawa bayyana kansu ga masu ƙidaya. A wannan shekarar ce kuma aka ba wata mai fafutuka a Peshawar fasfo na farko mai ɗauke da harafin X a gurbin jinsi.

Me dokar 2018 ta ƙunsa?

Dokar da majalisa ta zartar a watan Mayun 2018 ta tsaya ne kan ginshiƙai huɗu. Na farko, ta ba duk wanda ya kai shekara 18 damar yin rajista bisa jinsin da yake jin shi ne nasa, ba tare da takardar likita ba. Na biyu, ta haramta nuna musu bambanci a makaranta da wurin aiki da asibiti da motar haya da gidan haya, ta kuma hana muzguna musu a cikin gida ko a waje.

Na uku shi ne gado. Dokar ta ce wanda ya yi rajista a ɓangaren maza zai karɓi kason namiji, wadda ta yi a ɓangaren mata ta karɓi kason mace. Mata-maza da bai karkata ko'ina ba kuwa, sai a haɗa kason namiji da na mace a raba biyu a ba shi, wanda ya yi daidai da abin da malaman Malikiyya suka faɗa game da khunsa mushkil. Na huɗu, ta ɗora wa gwamnati nauyin buɗe cibiyoyin mafaka, da ware musu ɗakuna a gidajen yari, da koya musu sana'o'i.

Sai dai akwai babban giɓi. Laifi ɗaya tak dokar ta yanka wa hukunci a fili, wato tilasta wa mai sauya jinsi yin bara, wanda ke jawo ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko tarar da ba ta wuce rupi 50,000 ba, ko duka biyun. Mai gidan da ya hana haya, ko shugaban makarantar da ya kori ɗalibi, dokar ba ta faɗi abin da za a yi masa ba. Abin da ya rage wa wanda aka zalunta shi ne ya kai kuka ga hukumomin sauraron ƙorafi ko ya nufi kotu, hanyar da mai bara a titi ba ya da kuɗin bin ta.

Me ya sa aka yi adawa da ita?

Adawa ta yi ƙarfi a 2022, inda Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jamaat-e-Islami ya zama kan gaba. Ya nemi a yi wa dokar gyara ta yadda kwamitin likitoci ne zai tantance jinsin mutum kafin a sauya masa kati. Hujjar masu adawa ita ce barin kowa ya zaɓi jinsinsa zai buɗe ƙofar auren jinsi ta bayan gida, zai ba mace damar cin kason namiji a gado, zai kuma ba maza hanyar shiga wuraren da aka keɓe wa mata. A watan Satumban wannan shekara, majalisar da ke ba gwamnati shawara kan dokokin Musulunci ita ma ta ce dokar ba ta dace da shari'a ba.

Masu kare dokar sun amsa cewa babu batun aure a cikinta ko kaɗan, kuma haramcin luwaɗi yana nan daram a sashe na 377 na kundin laifuffuka. Sun ƙara da cewa ƙa'idojin aiwatar da dokar sun tanadi harafin X ne kawai ga mai neman sauyi, ba zai koma namiji ko mace a kati ba. Game da kwamitin likitoci, sun ce tuɓe mutum a gaban baƙi domin a ba shi katin da kowa ke samu ba tare da haka ba wulaƙanci ne, kuma zai buɗe wata sabuwar kafar cin hanci.

Zafin muhawarar ya shafi har fina-finai. Fim ɗin Joyland, wanda ya ƙunshi labarin wata mai rawa khwaja sira kuma ya ci lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 2022, an hana nuna shi a watan Nuwamban shekarar. Daga baya gwamnatin tarayya ta janye haramcin, amma lardin Punjab ya ci gaba da hana shi.

Me kotu ta ce, kuma ina aka kwana?

Kotun Shari'ar ta ce jikin da aka haifi mutum da shi ne ke tabbatar da jinsinsa, ba abin da yake ji a ransa ba, domin hukunce-hukuncen sallah da aikin hajji da gado duk sun rataya ne a kan haka. Don haka ta soke sassan da suka shafi zaɓen jinsi da rabon gado. Amma a cikin hukuncin ta amince cewa shari'a ta san da mata-maza da waɗanda aka yi wa dandaƙa, kuma suna da dukkan haƙƙoƙin da tsarin mulki ya ba 'yan ƙasa.

Bayan hukuncin, NADRA ta dakatar da bayar da katin X, abin da ya bar masu nema cikin tsaka mai wuya na tsawon watanni. Masu fafutuka sun ɗaukaka ƙara zuwa sashen shari'ar Musulunci na Kotun Ƙoli. Tsarin mulkin Pakistan ya tanadi cewa hukuncin Kotun Shari'a ba ya fara aiki sai an kammala sauraron ƙarar da aka ɗaukaka, don haka a watan Satumban 2023 hukumar ta ci gaba da bayar da katin.

Rayuwa a wajen kotu

Abin da ya faru da Alisha, wata mai fafutuka 'yar shekara 23 a Peshawar, ya nuna irin wariyar da ake magana a kai. A watan Mayun 2016 aka harbe ta sau da dama, aka garzaya da ita asibitin Lady Reading. Abokanta sun ce an ɓata lokaci ana gardama kan ko ɗakin maza za a kwantar da ita ko na mata, wasu kuma suna yi musu ba'a a harabar asibitin. Ta rasu bayan 'yan kwanaki.

Wata guda bayan haka, malamai kimanin 50 a Lahore suka fitar da fatawa cewa hana su gado haramun ne, yi musu izgili ma haramun ne, kuma idan sun rasu a yi musu jana'iza kamar kowane Musulmi. Buƙatar fitar da irin wannan fatawa ta nuna yadda ake tauye musu waɗannan abubuwa.

An samu ci gaba nan da can. Marvia Malik ta fara karanta labarai a wani gidan talabijin a 2018. Nisha Rao, wadda ta yi bara a titunan Karachi don biyan kuɗin makaranta, ta zama lauya. Sarah Gill ta kammala karatun likita a 2022. An buɗe musu makarantar gwamnati a Multan a 2021, lardin Sindh kuma ya ware musu rabin kashi ɗaya cikin ɗari na guraben aikin gwamnati.

Duk da haka shahara ba ta zama garkuwa ba. A watan Fabrairun 2023 'yan bindiga sun buɗe wa Marvia Malik wuta a kusa da gidanta a Lahore, ta tsallake rijiya da baya. A watan Satumban 2025 an tsinci gawarwakin khwaja sira uku da aka harbe a gefen hanya a wajen birnin Karachi. Ƙungiyoyinsu sun daɗe suna kokawa cewa 'yan sanda kan yi jinkirin rubuta ƙara, shaidu kan ji tsoro, iyalai kuma kan yafe wa wanda ake zargi, tunda dokar ƙasar ta ba magada damar yin sulhu a shari'ar kisa. Sau da yawa magadan su ne dangin da suka kori mamacin tun yana yaro.

Duk yadda ƙarar ta kaya, hukuncin zai warware batun wanda ya cancanci katin X ne da yadda za a tantance shi. Ba zai sanya hukunci a kan mai gidan hayar da ya rufe ƙofa ba, ba zai ware gado a asibiti ba, ba kuma zai sa ɗan sanda ya buɗe fayil ba. Waɗannan ayyuka ne na majalisa da gwamnatocin larduna, kuma babu wani ɓangare, daga malamai har masu fafutuka, da ya ce kada a yi su.