Yadda Ake Samun Farin Ɗawisu

Mutanen ƙasar Daura sun saba da kiwon kaji da zabbi. Daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, kowa ya san yadda ake sa wa kaza ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe. To, da wannan dabara ana iya kiwon ɗawisu, sarkin tsuntsaye. Ƙwansa yana yin kwana 28 kafin ya ƙyanƙyashe, kusan daidai da na zabo.

Ɗawisu iri uku ne. Akwai shuɗi, wanda muka fi sani. Asalinsa daga ƙasar Indiya yake. Akwai kore, na ƙasashen Indonesiya da Bama. Sai na dajin Kwango, wanda masana suka gano a 1936. Idan aka haɗa shuɗi da kore, ana samun ruwa biyu mai suna Spalding. Amma kore yana da faɗa, kuma ya yi ƙaranci a duniya. Saboda haka ba da shi za a fara kiwo ba.

Shi farin ɗawisu daga jinin shuɗi ya fito, kuma ya fi tsada. A nan ne masu kiwo suke yin kuskure. Mutum ya sayi farin namiji, ya haɗa da shuɗiyar mace. Da aka ƙyanƙyashe sai ya ga 'ya'yan sun fito shuɗɗa, da ɗan fari a fiffike ko a wuya. Sai ya ce an cuce shi, ya kai su kasuwa ya sayar da araha.

Kada ka yi haka! Farin yana ɓoye a cikin jininsu. Ga yadda abin yake:

1. Fari da fara: duk 'ya'yan farare ne.
2. Fari da mai ɓoyayyen fari: wajen rabi farare ne.
3. Masu ɓoyayyen fari guda biyu: wajen ɗaya cikin huɗu fari ne.

Sai an yi haƙuri. Mace ba ta cika yin ƙwai ba sai ta shekara 2. Namiji kuwa sai ya shekara 3 wutsiyarsa take cika. Namiji ɗaya ya isa mata uku ko huɗu.

A guji haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru. Yin haka yana kawo 'yan tsaki marasa ƙwari, ƙwai kuma ya riƙa lalacewa. A riƙa musayar namiji da wani mai kiwo.

Kai da ka koyi rubutu, ga ranar ilminka. Sami littafi. Rubuta launin uba, da na uwa, da ranar da aka sa ƙwai, da launin 'ya'yan. In za ka saya, ka nemi a nuna maka iyayen. In tsuntsu ya yi sanyi ko ya ƙi ci, a garzaya wurin malamin dabbobi.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, amin.