Daga Moriki Zuwa Tsibiran Maldibi: Yadda Ake Ƙulla Tafiyar

Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin Zamfara da Katsina da Kano, kafin zuwan sule da fam, ba a ƙasarmu ake samo shi ba. Na farkon da ya iso mana, yawancinsa daga wasu ƙananan tsibirai ya fito, can tsakiyar Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Ibn Batuta ya zauna a tsibiran wajen shekarar 1343, har ya yi musu alƙalanci, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya. Da ya zo Mali da Gao bayan kimanin shekara goma, sai ya tarar dinarin bai wuce wuri 1,150 ba. Tsibiran nan su ne ƙasar Maldibi, wadda za ka gani an rubuta Maldives a jikin tikiti.

Duk cikin ƙananan ƙasashen tsibiri da ake zuwa hutu, ita na fi ba Bahaushe shawara. Mutanenta Musulmi ne tun shekarar 1153, ba za ka yi fargabar abinci ba, ba za ka rasa masallaci ba, kuma biza a filin jirginsu ake buga ta, kyauta, ta kwana 30. Sai dai gaskiya ɗaya ce: tafiya ce mai cin miliyoyin naira. Wanda bai sauke farali ba alhali yana da niyya, ko wanda sai ya ci bashi ko ya jinginar da gona, ya dakata tukuna. Bayanin nan na wanda Allah ya hore wa ne, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko ango, da yake so ya ga teku da iyalinsa ba tare da an yi masa sakiyar da ba ruwa ba.

Akasarin mutane da tikitin jirgi suke farawa, kuma nan kuskuren yake. Tafiyar Maldibi daga ƙarshenta ake ƙulla ta: ka fara sanin tsibirin da za ka kwana, sannan jirgin ruwan da zai kai ka, sannan jirgin sama. Dalili shi ne ƙasar ba dunƙulalliya ba ce. Tsibirai ne kusan 1,200 a warwatse cikin rukuni 26, kowane rukuni ya yi da'ira a cikin ruwa, kuma waɗanda jama'a ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Filin jirgin saman Velana shi kansa a tsibirinsa yake, Hulhule, gadar da aka buɗe a 2018 ce ta haɗa shi da babban birni Male. In ban da Male da garin Hulhumale da ke dab da filin jirgin, duk inda za ka sai ka sake shiga ruwa ko sama.

Tsibiran baƙi iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar maganar. Akwai tsibirin otal, inda kamfani ɗaya ya karɓi tsibiri sukutum ya gina masauki. Irinsa na farko, Kurumba, a 1972 aka buɗe shi. A irin waɗannan tsibirai ne ake samun ɗakunan da ke tsaye a kan ruwa, waɗanda ake ta yaɗa hotonsu a Instagram. Kwana ɗaya yakan ci ɗaruruwan daloli, wani ya haura dubu. Ana sayar da giya a cikinsu, baƙi suna yawo da shigar da suka ga dama, kuma da yake babu shago ko gidan abinci sai na otal ɗin, ko ruwan sha farashin da suka yanka za ka biya. Sai kuma tsibirin jama'a, wato gari sosai mai makaranta da asibiti da masallatai da masunta. Sai a 2009 gwamnati ta yarda a buɗe masaukin baƙi a irin waɗannan, kuma a yau ana samun ɗaki mai tsabta, da na'urar sanyaya ɗaki da karin kumallo, yawanci tsakanin dala 50 da 100. Babu giya, za ka ji kiran salla sau biyar, uwargida za ta shiga ruwa da suturarta ba wanda zai kalle ta, domin matan garin ma haka suke yi.

A ganina magidanci daga Moriki ko Shinkafi tsibirin jama'a ya dace da shi, ba don arha kaɗai ba. Wanda ya kwana bakwai a tsibirin otal zai dawo bai gaisa da ɗan ƙasa ba sai ma'aikaci. Amma a cikin tsibiran jama'ar ma akwai zaɓi. Maafushi ya fi suna, yana kusa da Male, masaukai sun yi yawa, baƙi sun cika shi. Dhigurah dogo ne siriri, a yankinsa ake ganin wani ƙaton kifi mai ɗigo-ɗigo da ba ya cutar da mutum. Manomi kuwa ya nemi Thoddoo: tsibirin noma ne, kankanarsa da gwandarsa ake kai wa Male, musamman da azumi, kuma za ka yi yawo a ƙafa tsakanin gonaki kana jin ƙugin teku ta kowane gefe. Abu ɗaya da ya kamata ka tambayi mai masauki tun kafin ka biya: galibin tsibiran nan sun keɓe wani yanki na bakin teku don baƙi masu kayan iyo irin na Turawa. Ka san inda yake, ka zaɓi ɗakin da ba ya fuskantarsa.

Da ka tsayar da tsibiri, sai maganar jirgin ruwa, kuma a nan ne tafiya take gyaruwa ko ta dagule. Jirgin gwamnati shi ne mafi arha, 'yan daloli kaɗan, amma kamar motar kasuwar ƙauye yake, yana da ranarsa da lokacinsa, in ya wuce ka sai wani jiƙon. Zuwa Maafushi yakan ɗauki kimanin awa ɗaya da rabi. Kwale-kwale mai gudu yana kai ka cikin kamar minti 40, a kan wajen dala 25 kowane mutum, kuma mai masauki ne zai kama maka kujera idan ka aika masa lambar jirginka ta WhatsApp. Wasu tsibirai masu nisa kuma sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma ba ya tashi bayan faɗuwar rana. To ga abin lura: hutun makonsu Juma'a da Asabar ne, kuma jiragen ruwan gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a. Kada ka sayi tikitin da zai sauke ka daren Alhamis ko safiyar Juma'a sai ka tabbatar akwai abin da zai ƙarasa da kai. Idan jirginka da dare zai sauka, kama ɗaki a Hulhumale, tafiyar 'yan mintoci ce a tasi daga filin jirgi, ka kwana, gari ya waye ka shiga ruwa ido na ganin ido.

Lokacin tafiya ya zo wa mutanenmu daidai. Zafinsu kusan ɗaya ne duk shekara, tsakanin digiri 25 da 31, abin da ke sauyawa shi ne iska da ruwan sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kaɗawa da ruwa, teku ya yi fushi, ƙaramin jirgi ya riƙa jijjiga. Daga Disamba zuwa Afrilu sararin sama yake washewa, ruwa ya kwanta. Ke nan daminarsu ta haɗu da tamu, lokacin da manomi ba ya barin gona, raninsu kuma ya zo bayan an kai amfani gida. Ka kauce wa ƙarshen Disamba da farkon Janairu, lokacin Turawa ke tururuwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Ka kuma duba watan azumi, wanda a shekarun nan yake faɗowa wajen Fabrairu da Maris: gidajen abincin tsibiran jama'a a rufe suke wuni.

Takardu ba su da wahala in an fara da wuri. Fasfo a ofishin shige da fice na Gusau, da lambar NIN, kuma sunan da ke jikinsu ya zama iri ɗaya harafi da harafi. Tun Satumbar 2025 kuɗinsa naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara biyar, 200,000 mai shafi 64 na shekara goma. In kana da tsoho, ya kasance da sauran wata shida a kansa. Wanda ake mantawa shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Maldibi tana neman sa ga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana 10. Sai fom ɗin intanet mai suna IMUGA, da ake cikewa kyauta cikin awa 96 kafin sauka. Kyauta na ce, don akwai shafukan bogi da ke karɓar kuɗi a kansa. Jami'in da zai buga maka biza yana da ikon tambayar tikitin komawa, da shaidar masaukin da ka biya, da kuɗin guzuri. Ka buga su a takarda ka riƙe a hannu, kada ka dogara da waya.

Yanzu ne za a sayi tikiti. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Male, dole a yada zango. Qatar Airways tana bi ta Doha daga Abuja, ta kuma fara zuwa Kano a 2022. Turkish Airlines tana bi ta Istambul daga Abuja, Emirates ta Dubai daga Legas. Ka sayi tikiti guda na kamfani ɗaya tun daga gida har Male, yadda kayanka za su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kuma nauyin yana wuyansu. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu, ka sa wannan a lissafi wajen gaya wa mai masauki lokacin saukarka.

Zangon da ya fi bukatar natsuwa shi ne na gida. Daga Moriki zuwa Ƙauran Namoda, Gusau, Tsafe, Funtuwa, sannan Kano ko Abuja, kowa ya san halin da hanyar take ciki a shekarun nan. A fita da safe, a bi ayari, a tambayi direbobin tasha labarin hanya, a isa garin da za a tashi da kwana ɗaya ko biyu a hannu. Kada a tallata tafiyar. Hotuna su jira sai an dawo, ranar tashi da ta dawowa kuma su tsaya tsakanin mutum biyu ko uku na cikin gida.

Kuɗin ƙasar rufiya ne, dala ɗaya tana kama rufiya 15 da 'yan kai a farashin hukuma, amma masaukai da jiragen ruwa suna karɓar dala. In za ka yi canji a Wapa ta Kano ko wurin 'yan canjin Abuja, zaɓi sababbin takardu, don mai tabo ko yagewa ana iya mayar maka da ita, ka kuma nemi ƙananan canji. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai cire. Wajen farashin ɗaki a buɗe ido sosai. Ana ɗora kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido kashi 17, da harajin muhalli na dala 6 kowane mutum kowane dare a ƙananan masaukai, dala 12 a tsibirin otal. Ɗakin da aka tallata dala 80 zai haura dala 110 ga mutum biyu. Tambaya ɗaya ta wadatar: wannan farashin har da haraji?

A jaka, kaya marasa nauyi, hula mai inuwa, takalmin roba saboda kaifin duwatsun ruwa. Maganin da kake sha ya zo da takardar likita. An hana shiga da giya da naman alade da gumaka, kuma dokarsu kan ƙwaya mai tsanani ce. Saboda haka al'adarmu ta karɓar saƙo a filin jirgi, a ajiye ta a gida: kada ka ɗauki ƙullin da ba ka ga cikinsa ba, ko na wane ne.

Safiyar farko za a kawo maka mas huni: kifin tuna da aka marmasa, aka cakuɗa da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono da ruwan lemun tsami, a ci da roshi, wata siririyar gurasa mai laushi, a kora da baƙin shayi. Da rana akwai garudiya, romon kifi garai-garai da ake zubawa a kan shinkafa. A masallaci za ka ga alƙibla ta koma arewa maso yamma, kai da ka saba fuskantar gabas. 'Yan mazhabar Shafi'i ne, liman yana bayyana Bisimilla, da asuba kuma bayan ruku'u ake ƙunutu, hannuwa a ɗage. Ka bi liman hankali kwance. In ka ratsa Male ka nemi Hukuru Miski, tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 da sassaƙaƙƙen dutsen murjani, ka dubi yadda aka zana jikin bangonsa.

Teku kuwa a ba shi girmansa. Iyo a gulbin Gagare da damina daban, igiyar da ke ja ta ƙarƙashi a mashigin tsibiri daban. Sa rigar ceto duk lokacin da aka fita da ku kallon kifi, yara kada su matsa daga hannu, mai jin jiri a mota ya sha magani kafin ya hau kwale-kwale. Kada a taka murjani ko a ɓalle shi, doka ta hana fita da shi, kuma shi ne katangar ƙasar: tsibiran Maldibi ba su da wani tudu, murjanin nan ne ke karya ƙarfin igiya kafin ta iso gidajen mutane.

Daren ƙarshe a dawo Hulhumale ko Male a kwana, don iska tana iya hana kwale-kwale fita, jirgin sama kuwa ba ya jiran kowa. In an sauka Kano ko Abuja da yamma, nan ma a kwana, a kama hanyar Gusau da sassafe, a shiga Moriki kafin la'asar.