Matsalolin Tsohon Injin Jirgin Ruwa da Zaɓen Farfela

Kafin shekarar 1992, mutumin Rogo Sabon Gari ba shi da wata hulɗa da injin jirgin ruwa. Noma ya sani da fatauci, sai kuwa ɗan su na rani idan kogi ya ja baya. A waccan shekara ce aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, ruwa ya taru ya shafe gonaki da itatuwa da hanyoyin ƙafa, har ya zamana akwai wuraren da ba a isa gare su da sauƙi sai a jirgi. Har yanzu filafili ne abin tuƙin galibin masunta, amma wanda ya sami hali yakan ɗaura inji a bayan jirginsa. Irin wannan inji, musamman wanda ya kwana biyu, shi ne abin da za mu duba a nan.

Injin da aka fi sani a ruwayen Nijeriya shi ne Yamaha na ƙasar Japan, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya kamar baburan dā. Idan ya ƙi tashi, ko ya tashi yana tari, da mai ake fara bincike. A matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ta yi tauri. Idan ta ƙi, to tiyo yana shan iska ko kuwa tanki ya ƙare. A duba 'yar ƙofar iska da ke kan murfin tanki, domin kuwa idan tana rufe inji zai yi tafiya kaɗan ya mutu. Fetur ɗin da ya daɗe a ajiye yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Ma'aunin gauraye shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, watau rabin lita ga lita 25. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 wasu suka shiga tsuke hannu wajen baƙin man nan, alhali kuwa shi kaɗai ne ke shafe fistin.

Daga nan sai fulogi, wanda launinsa kan faɗi halin da inji ke ciki: ruwan ƙasa lafiya ce, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kuwa zafi ne. Sa'an nan a lura da ɗan siririn ruwan da ke tsartowa daga bayan inji. Idan ya ɗauke, a kashe nan take, domin 'yar farfelar roba da ke tura ruwan sanyaya ta lalace ko ciyawa ta toshe mashigarsa. Saboda ita ne ba a tayar da wannan inji a kan tudu.

To amma sau da yawa duk waɗannan lafiyarsu lau, jirgi kuma ba ya tafiya, sai a ce inji ya tsufa. A ganina a nan ne aka fi zaluntar tsofaffin injuna, domin laifin na farfela ne. Mai karatu zai ga lambobi biyu a jikin kowace farfela, alal misali 11 da 13. Ta farko faɗinta ke nan da inci. Ta biyu ita ce tazarar da za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take kutsawa, kamar yadda noti ke bin zarensa. Tun da ba mu da tsayayyar kalma a kan wannan, bari mu kira shi taku. Farfela mai dogon taku kamar babbar giyar keke ce: daɗi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, azaba a hawan tudu da kaya. An ƙera injin doki 40 ya riƙa juyi tsakanin 4,500 da 5,500 a minti idan an sake masa wuta duka, kuma ƙarin inci ɗaya na taku yakan rage juyin da kimanin 200. Saboda haka farfelar da ta dace da masunci shi da tarunsa ba za ta dace da jirgin ran kasuwa ba, mai buhunan masara da mata da awaki. Idan taku ya yi tsawo, inji zai yi ta nishi, ya sha mai, ya baƙanta fulogi, ranar da iska ta taso kuma ya kasa juya jirgi ya fuskanci igiyar ruwa. Idan ya yi gajarta, sai ƙara ba sauri, inji yana cin kansa. Mai ɗaukar kaya ya rage taku, ya haƙura da gudu.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ruwan madatsa, wato kututturan itatuwan da ruwa ya binne. Farfelar alminiyam takan lanƙwashe ko ta karye idan ta doki kututture, ta baƙin ƙarfe mara tsatsa kuwa ba ta karyewa, sai ta miƙa dukan ga giya. Asarar farfela ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan dalili ne ya sa aka yi wa ƙananan tsofaffin injuna wata 'yar ƙusa mai laushi da ke riƙe farfela, don ta karye a madadin giya; kuskure ne babba a musanya ta da ƙusar kafinta. Waɗanda ba su da ita roba ce a cibiyar farfelarsu, idan ta saki sai inji ya yi ta kururuwa jirgi na tsaye. A ja layi da alli daga cibiya zuwa jikin farfela, a ɗan zaga. Idan layin ya rabu, robar ce.

Zaren koma shi ma yakan naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare man giya. A kwance ƙusar ƙasa a ɗigo man kaɗan a tafin hannu: idan ya fito fari kamar nono, ruwa ya shiga, kada jirgin ya ɗauki kowa sai an sake robar da man.