Makin JAMB ba awon ƙwaƙwalwa ba ne

A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke tsarin koyar da 'yan firamare da harshen gida, wanda aka amince da shi a 2022 zamanin Adamu Adamu. Hujjarsa ita ce, yankunan da suka rungumi harshen gida su ne ke shan kaye a WAEC da NECO da JAMB. Hujjar ba ta da ƙafar tsayawa, domin yaron da ya zauna JAMB a 2025 ya bar firamare shekaru kafin a haifi tsarin. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ke ƙarƙashin maganar, wanda mu ma a ƙasar Kazaure da Babura muka haɗiye ba tare da taunawa ba: wai makin jarrabawa shi ne ma'aunin basirar yaro.

Abin ya ƙara ƙarfi tun da manyan makarantu suka zo mana har ƙofar gida. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga makarantar kwamfuta ta Informatics, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. A da, uban da ke Roni ko Gwiwa kan ce jami'a ta yi nisa. Yanzu ginin na nan ana gani, abin da ya rage tsakanin yaro da shi lamba ce kawai. Shi ya sa da zarar sakamako ya fito, tambayar majalisa ɗaya ce: nawa ya ci? Mai 250 haziƙi ne, mai 130 kuwa an gama yanke masa hukunci, kansa ba ya ja.

To, a 2025 sama da yara miliyan ɗaya da rabi, cikin kusan miliyan biyu da suka zauna JAMB, ba su kai 200 cikin 400 ba. Bayan an sha zagin 'yan zamani, sai shugaban hukumar, Ishaq Oloyede, ya fito da hawaye ya amsa cewa kuskuren na'ura ya shafi ɗalibai 379,997 a Legas da kudu maso gabas. A watan Agusta WAEC ta ce kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kafin mako ya zagayo ta gyara ta ce kashi 62.96 ne. Yaran nan dai su ne, ba a sake musu kai ba.

Ko da na'ura ba ta yi kuskure ba, sai a tambaya me ake aunawa. Alfred Binet, wanda ya tsara gwajin basira na farko mai amfani a birnin Paris a 1905 tare da Théodore Simon, nufinsa a gano yaran da ke bukatar ƙarin taimako a aji, kuma ya yi tir da masu cewa basira aba ce daskararriya da ba ta ƙaruwa. Sai da gwajin ya haye Amurka, Lewis Terman ya sake masa fasali a 1916, ya zama abin jera mutane daga sama zuwa ƙasa. Binciken da ya biyo baya ya fi ba Binet gaskiya. James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe masu arzikin masana'antu makin gwajin ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a ƙarni na 20, saurin da gado ba zai iya bayyana shi ba. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka tattara bincike da yawa, suka ga kowace shekara guda ta ƙarin zaman makaranta na ɗaga makin da 1 zuwa 5. Idan haka gwajin da aka gina don auna basira yake, ina ga JAMB, wadda ba ta taɓa cewa basira take aunawa ba?

A ganina babban abin da jarrabawar ke aunawa a yankinmu shi ne Turanci. Shiga aji huɗu a ƙauyen Gwiwa: littafi da Turanci, allo da Turanci, malam na bayani da Hausa don ya san in ba haka ba da bango yake magana, yara kuma na maimaita jimlar da ba su san inda ta dosa ba. Hausar ba a koyar da su rubuta ilimi da ita ba, Turancin bai zauna ba. Ranar jarrabawa yaron nan sai ya fara kokawa da tambayar kafin ya kai ga lissafin da ke cikinta, lokaci na tafiya, ga shi tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, shi kuwa wataƙila a makon ne ya fara ɗora hannu a kanta. Ɗan ma'aikaci a Kazaure da ya yi makarantar kuɗi ya riga shi nisa tun ba a raba kujeru ba.

Robert Sternberg da abokan aikinsa sun ga irin wannan a yammacin Kenya, a binciken da suka wallafa a 2001: yaran Luo da suka fi sanin magungunan gargajiya sun fi samun ƙarancin maki a gwajin kalmomi irin na makaranta. Inda yaro ya zuba lokacinsa, nan kaifinsa ke fitowa. Mu ma muna da ɗan canjin bakin iyaka ta wajen Babura da ke juya naira zuwa sefa da ka kafin ka ciro waya, da gardin tsangaya da ke rubuta Alƙur'ani da ka, yana kiyaye ayoyi masu kama da juna. Babu takardar da ke ɗaukar wannan.

Akwai kuma lahani na gaske, wanda ba laifin ma'auni ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Wannan yana taɓa ƙwaƙwalwa kafin yaro ya san hanyar makaranta, kuma ba a gyara shi da darasin yamma.

Masu kare jarrabawa suna da abin faɗa, ban hana su ba. Tun 1904 Charles Spearman ya lura cewa wanda ya yi kyau a fanni guda yakan yi kyau a sauran, kuma har yau ba a rushe wannan ba. Ra'ayin Howard Gardner na 1983, mai cewa basira iri bakwai ce, ya fi daɗin ji a taron horar da malamai fiye da ƙarfin hujja. Jarrabawar shiga ce kuma ta kai 'ya'yan talakawa makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, lokacin muna cikin jihar Kano. In aka cire maki, alfarma ce za ta maye gurbinsa. Duk na yarda. Sai dai wannan hujja ce ta a riƙe jarrabawa a matsayin ƙofar shiga, ba ta a laƙaba wa yaro suna da ita ba.

Laƙabin kuwa yana da tsada. Namijin da aka ce masa daƙiƙi kan kama hanyar Legas ko Abuja neman kuɗi, mace kuwa maganar karatunta ta ƙare a gida. Waɗanda suka rage sun koma haddar tsofaffin tambayoyi, iyaye na biyan kuɗi a cibiyoyin da kowa ya san amsa ake sayarwa.

In muka koma kan batun harshe, Babs Fafunwa ya gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare a Ife daga 1970, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa na iya yin ƙaramin gwaji da kuɗi kaɗan: a ɗauki 'yan aji shida a Roni da Gwiwa, a ba rabinsu tambayoyin lissafi a rubuce da Turanci, rabi a ba su tambayoyin nan da Hausa, sannan a buga sakamakon kowa ya gani.