Sulhun Fadama: Darasi Daga Kwalkwalawa

Duk mai bin hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga birnin Sakkwato ya san Kwalkwalawa, inda gulbin Rima ke ciyar da manomi da masunci da makiyayi. Da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar, kwalekwalen talakawa ne suka riƙa ƙetarar da malamai da ɗalibai. Ranar muka ga babu mai wadatuwa da barin maƙwabcinsa.

Jarrabawar fadama kuwa da rani take zuwa, sa'ad da shanu ke gangarowa mashaya alhali albasa na ƙasa. In ɓarna ta auku, magabata sun bar mana hanya: liman da maigari da arɗo da sarkin noma su taka gonar, su ƙiyasta asara, a biya tun ba a ɗaga sanda ba. Manomin da ya cinye burtali shi ma a sa ya janye.

Abin yana da asali. Manzon Allah (SAW) ya halarci Hilful Fudul, alkawarin da aka ƙulla a Makka saboda baƙon fatake da aka danne wa haƙƙi, ya kuma yabe shi bayan annabci. Aya ta 9 a Suratul Hujurat ta gwama sulhu da adalci, domin sulhun da ya toshe bakin mai rauni ba ya ɗorewa.

Mu zauna tun kafin shanu su gangaro. Allah Ya ba mu zaman lafiya.