Yaɓe, Dandali da Zaman Unguwa a Ƙasar Adar

A 1962 dattawan Yama, wani gari na ƙasar Adar a kudu da birnin Tawa wajen Illela, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga maginin garinsu, Falke Barmu. Babu ɗan kwangila. Mai hatsi ya ba da hatsi, mai ƙarfi ya shiga kwaɓa ƙasa da buga tubali, wasu suka yi ta ɗebo ruwa, wasu suka nemo itacen rufi. A 1975 aka sake rufin aka ɗora ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 hasumiyoyi huɗu suka tashi a kusurwoyin, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini.

Kyautar ake yawan ambata, amma ni yaɓen ya fi ɗaukar hankalina. Ginin ƙasa ba ya sallamar masu shi. Damina ta zaizaye shi, dole a sake kiran gayya: samari sun naɗe wando suna tattaka laka da ƙaiƙayi, wani yana cilla curi sama, na kan tsani yana cafewa yana shafawa da tafin hannu har shatin yatsunsa ya zauna a bango, mata na kawo ruwa da fura. Mutum biyu da ke gaba kan iyakar gona, ran nan sai sun miƙa wa juna laka.

Yau Adar ƙasar bida ce. Da an gama girbi maza sun kama hanyar Abijan, Legas ko Libiya, kuɗin da suke aikowa kuma siminti da kwano yake zama. Ban ga laifin kowa ba. Wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da ƙwarya ya san darajar kwano. Sai dai a sababbin unguwannin Tawa, inda kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, babu aikin da ke tilasta maƙwabci neman maƙwabcinsa, sai suna ko jana'iza.

Zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta cike wani giɓi irin wannan. Gaskiya ne gwamnati ta mayar da ita bakinta, amma unguwa da unguwa sun yi gasar waƙa, rawa da wasan kwaikwayo, kuma daren da ake kwashewa a dandali ana gwaji ya ƙulla zumunci fiye da ranar gasar. Shi kuwa bikin ranar jamhuriya na Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017 ya kawo wa birnin kwalta da gine-gine, sai dai aikin ƴan kwangila ne, mutanen gari ƴan kallo.

Dandaji, a nan jihar Tawa, ta ɗauki wata hanya. Maimakon a rushe tsohon masallacin garin, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa wanda inji ke matsewa, maginan yankin na cikin aikin. An kammala a 2018. Filin da ke tsakanin gine-ginen biyu a buɗe yake, yara da mata da masallata duk nan suke ratsawa.