Ciwon gaɓoɓi: ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba

A masallacin unguwarmu kujerun robar da ake jerawa a gefen sahu sai ƙaruwa suke yi, kuma ba duk masu zama a kansu ne tsofaffi ba. Akwai 'yan shekara hamsin, akwai ma waɗanda ba su kai ba. In ka tambayi mutum sai ya ce, "Sanyin ƙashi ne, sai haƙuri." Wannan haƙurin ne ke damuna, domin wani ciwon ana iya jinkirta zuwansa, wani kuma in aka yi sake sai ya nakasa mutum a banza.

Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi. A gaɓoɓi irin su gwiwa, inda ƙasusuwa biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe kawunansu, da wani ruwa mai yauƙi da ke sauƙaƙa motsi. Idan guringuntsin ya cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, kamar taɓarya a turmin da babu hatsi. Daga nan sai zafi wajen hawa bene, da ƙara in an durƙusa, da sagewar safe wadda kan saki kafin rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kimanin mutum miliyan 528 ke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne.

Na gwaggona daban ne. Tana 'yar shekara arba'in da 'yan kai yatsunta suka fara kumbura, hannu biyu lokaci guda. Da safe ba ta iya dunƙule hannu sai hantsi ya dubi ludayi. Matse wanki ya gagara, riƙe muciya ya gagara, har ɗaurin ɗankwali sai wata ta yi mata. Ta daɗe tana shan haɗin kemis, ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda, zafin ya lafa, fuska ta ciko, mutane na cewa ta murmure. Na ce mata, "Gwaggo, mu je a duba hannun nan." Ta ce, "Ɗan nan, ai maganin yana yi mini." Ashe a cikin haɗin akwai prednisolone, shi ya cika fuskar, shi kuma ya tayar mata da suga. Lokacin da likita ya gan ta, yatsun sun riga sun karkace gefe, ba kuma za su koma ba.

Garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓinta. Wannan nau'in yana da maganin da ke tare ɓarnar tun daga tushe, irin su methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako bisa kulawar likita, amma amfaninsa a fara da wuri. Maganin kashe zafi ba ya hana gaɓa lalacewa. Su diclofenac da ibuprofen kuwa, in aka mayar da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda.

Akwai kuma gawut, mai farkar da magidanci cikin dare da azaba a babban yatsan ƙafa. Sinadarin yurik asid ne ke taruwa a gaɓa, kuma yawan jan nama, kayan ciki, giya da lemon kwalba na ƙara shi. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai sikila, wannan ta asibiti ce a ranar.

Sanyin hunturu na iya tsananta zafi, amma ba shi ne tushen ciwon ba. Nauyi ya fi shi laifi. Kowane kilo ɗaya da mutum ya rage, ya sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Mu da muke ɗaukar teɓa alamar samun wuri, gwiwoyinmu ne ke biyan bashin.

Abin da ya fi wuyar karɓa shi ne, gaɓa mai ciwo motsi take so. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, sai an danna shi an saki. Wanda ya kwanta don tsoron zafi, tsokar cinyarsa ta saki, nauyin duka ya koma kan gwiwa. Tafiyar rabin awa kwana biyar a mako ta cika minti 150 na motsa jiki da ake so a mako. Ko daga zaune ana iya miƙe ƙafa sambal, a ƙirga goma, a sauke a hankali, a maimaita.

Matasa 'yan ƙwallo da 'yan acaɓa su ma abin ya shafe su. Targaɗen gwiwa ko karayar da ta shiga cikin gaɓa, in ba a gyara ta daidai ba, takan dawo da ciwo bayan shekaru. Kafin a miƙa irin wannan ga mai ɗori, a fara yin hoton ƙashi. Mai shan taba kuma ya sani tana ƙara haɗarin irin ciwon gwaggona, tana kuma rage ƙarfin maganinsa.